Tsohon keken ɗinki na ƙafa: ta ina ake gane asalinsa da shekarunsa?

Maman Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana keke ku taimaka min. An raba gadon kakarmu a Mandawari, keken ɗinkinta ya faɗo a kasona. Keken ƙafa ne baƙi, da teburinsa mai durowa, ƙarfen ƙasan an rubuta SINGER. Wani dillali da ya zo yi wa kayan ɗaki kuɗi ya duba tambarin da ke jikinsa, ya ce an rubuta 1851, wai tun kafin zuwan Turawa aka ƙera shi, in ba shi ya kai wa masu saye a Legas. Ga hotuna nan na turo. Gaskiya ya faɗa? Sannan keken yana juyawa, amma ba ya kama zaren ƙasa ko kaɗan.

Anti Bilki: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Hajiya. Kada ki ba kowa tukuna, bari su Baba su gani.

Sagiru Dillali: Hajiya in ba ku daidaita da wancan ba ga ni. Irin waɗannan ne ake nema masu jar zaiba a ciki, sinadarin nan da ake cewa yana da tsadar gaske. Ki kara wayarki kusa da allurar, in sabis ya ɗauke to kin yi arziki.

Bashir Injiniya: Sagiru ka ji tsoron Allah. Wannan maganar ta jar zaiba tun 2009 ta tashi a Saudiyya, mutane suka dinga rububin tsofaffin Singer da kuɗi na fitar hankali, har ana fasa shagunan teloli, kuma da wannan gwajin wayar aka yi ta yaudarar su. Babu wanda ya taɓa ciro komai daga ciki sai baƙin ƙarfe da busasshen mai. Ɗakunan cikin gari masu kaurin bango ko babu keke sabis ɗaukewa yake.

Yaya Maman Ummi, ki ƙara kusanto da kyamara kan tambarin nan. Daga nan ina hango bakinsa shuɗi ne, kuma kamar shekara biyu aka rubuta, ba ɗaya ba.

Maman Ummi: Haka ne kuwa. Akwai 1851 a gefe ɗaya, 1951 a ɗaya gefen.

Bashir Injiniya: To magana ta fito. Wannan tambarin cikar kamfanin Singer shekara 100 ne. A 1851 Isaac Singer ya yi wa kekensa na farko rajista a Amurka, da 1951 ta zo sai suka buga tambari na musamman suka maƙala wa kekunan da suka fitar a wannan tsakanin. Dillalinki rabin rubutun ya karanta. Ki tuna 1851 zamanin Sarkin Kano Usman ɗan Dabo ne, shekarar da Bajamushen nan ɗan yawon bincike, Barth, ya shigo birnin nan ya tarar ana ɗinka riguna da allura da hannu. Jirgin ƙasa ma sai 1911 ya iso Kano. Wa zai ɗauko wannan uban ƙarfe da teburinsa a bayan raƙumi?

Baba Ɗanladi Mai Gyara: Bashir ya yi daidai, amma ina da gyara a yadda ya faro. Ni ba na fara duba keke daga tambari, ba na farawa daga rubutun wuya, ballantana rubutun ƙarfen ƙasa. Duk waɗannan ana cirewa a saka wani. Tambari ƙusa biyu ke riƙe da shi. Rubutun zinari ana sayar da takardarsa, a fesa wa keke baƙin fenti a manna. Teburi kuwa rabin na garin nan ba da kansa ya zo ba, kai ya lalace an ɗora wani, ko gara ta ci katako an sake. Sau da yawa za ka ga kan Butterfly zaune a kan ƙafar Singer, kuma yana aiki lafiya lau, don ramin teburin kusan ɗaya ne.

Abin da ba ya ƙarya shi ne ginin keken. 'Yata, ki amsa min waɗannan. Abin ɗaure zaren sama, wanda muke murɗawa in ɗinki ya yi sako-sako, yana ina? Yana fuskantar ki in kin zauna, ko yana can ƙarshen hagu a jikin farantin fuska? Kwarkwaron kuma ta ina kike saka shi: ta sama kike jefa shi a kwance, ko sai kin zura hannu ta ƙasa ta gefen hagu da 'yar ƙoshiyarsa? Sai ki duba gadon keken ta dama, gaban ginshiƙin, akwai wani ɗan wuri mai tudu da aka buga lamba a jikin ƙarfen kansa. Ki goge da ɗan man keke ki karanto min haruffan farko.

Maman Ummi: Baba ina wuni. Abin ɗaure zaren yana ƙarshen hagu. Kwarkwaro ta ƙasa ake sa shi, kamar na Butterfly ɗin da na koya da shi. Lambar ta fara da EG, sai lambobi 6.

Baba Ɗanladi Mai Gyara: Lafiya lau. To Singer 15 ne, kuma na gaske.

Bashir Injiniya: Kuma lambar ta yarda da tambarin, wanda shi ne abin da Baba yake nufi. Bari in ɗan faɗaɗa saboda masu irinsa a gida. Singer suna da rajistar lambobinsu, kuma tana nan a intanet kowa zai iya dubawa. Kafin 1900 lamba ce zalla babu harafi. Daga 1900 suka fara sa harafi ɗaya a gaba, daga baya suka koma biyu. Masu farawa da A sannan wani harafin, irin su AB ko AG, daga masana'antar Elizabethport ta Amurka suke. Masu farawa da E sannan wani harafin daga Clydebank suke, kusa da Glasgow a Birtaniya, kuma EA ta fara ne a 1935. EG ta faɗo a 1950 zuwa 1951. Kafin jerin E, masana'antar ta Clydebank ta yi shekaru tana amfani da Y. Yawancin tsofaffin Singer da na gani a Kano na can ne, ba abin mamaki ba ne tunda a ƙarƙashin Ingila muke a lokacin. Shi ya sa ake ce wa samfurin 15K, wannan K ɗin ta Kilbowie ce, unguwar da masana'antar take. An rufe ta a 1980.

Abu ɗaya da za a kiyaye: shekarar da rajistar ke bayarwa ita ce lokacin da aka ware wa rukunin kekunan lambobinsu, ba ranar da aka ɗaure noti na ƙarshe ba. Ana iya samun tazarar watanni.

Anti Bilki: Wato shekara 70 da ɗoriya. Ai ko haka ma ya girmi da yawanmu a nan.

Sagiru Dillali: To ai duk da haka kayan tarihi ne. Ni zan ba da dubu 40 yau ɗin nan.

Alhaji Tela Fagge: Sagiru, dubu 40 ɗin nan kuɗin ƙarfen ƙasan ne ko na kan? Ku ne kuke raba su, ku sayar wa masu gidan abinci ƙafar su ɗora gilashi su mai da ita teburin shan shayi, kan kuma ya ƙare a sikelin 'yan gwangwan. Hajiya kada ki sayar. Ba don tarihi ba, Singer sun ƙera irin wannan miliyoyi, babu wani Bature da yake jiran naki. Darajarsa aikinsa. Ki sa masa shadda mai kauri ninki huɗu ki taka ki ji yadda zai wuce babu gardama.

Maman Ummi: Alhaji ai matsalar ke nan, ba ya ɗauko zaren ƙasa. Na sayo sabuwar ƙoshiya a kasuwar Sabon Gari, ta ƙi zama daidai. Na sa sabuwar allura, shiru.

Baba Ɗanladi Mai Gyara: Na san za a zo nan. Turo min hoton ginshiƙin dama, wurin da ake saita tsawon ɗinki.

Maman Ummi: Ga shi Baba. Wani zagayayyen faranti ne mai lambobi, da ɗan hannu da ake ɗagawa sama ko a sauke.

Baba Ɗanladi Mai Gyara: Yawwa. Lafiyar kekenki ƙalau, ke da shi ne ba ku fahimci juna ba. Singer 15 gida biyu ne. Akwai tsohon gini wanda ba shi da ribas, shi ne wanda yawancin masu kwaikwayo suka bi tsarin ƙoshiyarsa. Akwai kuma wannan naki mai zagayayyen faranti, dangin 15K88, in kin ɗaga hannun nan sama ya yi ɗinkin baya. To su biyun ƙoshiyarsu ba ɗaya ba ce. Ki riƙe ƙoshiya ki kalle ta kamar fuskar agogo, za ki ga ɗan yatsan ƙarfe ya fito sama. Na Butterfly da 'yan uwansa yana nuna ƙarfe 1. Naki yana son mai nuna ƙarfe 11. Duk wadda za a miƙo miki a kasuwa in ba ki yi bayani ba mai ƙarfe 1 ce, don ita ake saye kullum. Ki zazzage durowar teburin, tsofaffi ba sa yar da irin wannan, ina kyautata zaton ta asalin tana ciki.

Sai allura. A Butterfly kin saba ɓangaren allura mai faɗi yana kallon dama, ki zura zare daga hagu zuwa dama. A wannan akasin haka ne: faɗin yana kallon hagu, zare daga dama zuwa hagu. In kin sa ta yadda kika saba, ko kwana za ki yi kina takawa ƙugiyar ba za ta kamo zaren ba. An sha kawo min irinsa a kan baro daga nesa ana cewa ya mutu, in juya allura kawai in ce a mayar.

Anti Bilki: Ikon Allah. Baba wannan bayanin ko a ajinmu ban taɓa yi wa ɗalibai ba, don duk kekunanmu 'yan Chana ne.

Nura Fagge: Baba tunda an buɗe wannan babin, a duba min nawa. Bara na saye shi a hannun wani mai tsofaffin kekuna a matsayin Singer ɗan Ingila, kuɗin da na biya ya fi na sabon Butterfly. Rubutun yana walƙiya, har da hoton dabbar nan mai kan mutum. Amma na duba inda kuka ce ban ga wata lamba ba.

Baba Ɗanladi Mai Gyara: Kwantar da kan baya ka ɗauko min cikinsa. Ka kuma ɗauko saman gadon ta dama.

Nura Fagge: Ga su.

Baba Ɗanladi Mai Gyara: Nura sai haƙuri. Ka ga wannan ɗan maɓallin da ke kan gado kusa da ginshiƙi, wanda ake murɗawa haƙorin da ke jan yadi ya sauka? Tsohon Singer 15 ba shi da shi a nan. Ka kuma kalli cikin, a jikin zubin ƙarfen akwai JA da lamba. Ɗan Japan ne. Bayan yaƙin duniya na biyu masana'antun Japan sun ƙera irin wannan ginin babu iyaka, ana sa musu suna kala-kala. Ka dubi bakin farantin allura da kyau, za ka ga inda fenti ya hau kan sukurori. Masana'anta ba ta fesa fenti a kan sukuru. Sannan kayan cikin Singer na asali yawancinsu an buga musu SIMANCO da lambar kayan, ka duba sandunan nan ba za ka samu ba.

Bashir Injiniya: A ƙara da wannan, don mutane na rikicewa: lambar da ke bin SIMANCO lambar wannan ƙarfen ce shi kaɗai, ba ta keken ba. Haka shekarun da ake gani a kan farantin da ake zarewa na wasu tsofaffin kekuna, shekarun rajistar fasaha ne. Faranti zai iya cewa dubu ɗaya da ɗari takwas da wani abu, alhali keken an ƙera shi bayan shekara 30.

Hoton dabbar kuma ba hujja ba ne ko a keken da ba a yi wa fenti ba. Gunkin nan ne na ƙasar Masar, Singer sun yi amfani da zanen tun da daɗewa, sannan aka dawo da shi a kan sababbin kekuna masu sunan Singer da aka ƙera a Asiya. Suna na gaske, zane tsohon yayi, keke sabo.

Nura Fagge: Innalillahi. Wallahi gobe zan mayar masa.

Alhaji Tela Fagge: Ka mayar ka karɓo me? Tsaya tukuna. Yana tsallake ɗinki? Yana tsinka zare?

Nura Fagge: A'a, gaskiya ɗinkinsa sumul.

Alhaji Tela Fagge: To ka je ka yi masa magana a kan ƙaryar da ya yi, ya rage maka wani abu in yana da kunya, amma kada ka rabu da keken. 'Yan Japan ɗin nan na wancan zamanin wallahi wasunsu sun fi Singer taushin tafiya. Ni abin da ke ba ni haushi a harkar nan shi ne bautar suna. An mai da Singer kamar shi kaɗai ne keke. Wanda ya taɓa zama a kan Pfaff 30 na Jamus ya san abin da nake faɗa. Kamfanin tun 1862 yake a Kaiserslautern. Mai gidana da ya koya min ɗinki shi yake takawa, in yana kan aikin Sallah daga bakin ƙofa ba ka jin ƙararsa sai ɗan shuu, mu kuwa yara muna baya muna ta kwaramniya da namu.

Baba Ɗanladi Mai Gyara: Alhaji ban musa maka ingancin Pfaff ba. Amma ka faɗa wa yaran gaskiya duka: ranar da wani abu ya karye a cikinsa, ina za su samu? Singer 15 da 'ya'yansa, Butterfly na Shanghai, Usha na Indiya, 'yan Japan, kwarkwaronsu ɗaya, allurarsu ɗaya, takalminsu mai danne yadi yana shiga na juna. Ko a ƙauye keke ya tsaya za ka samu abin da za ka lallaɓa. Shi ya sa wannan ginin ya cinye kasuwa, ba don ya fi kowa kyau ba. In zancen ɗinki mai kyau ake, a cikin Singer ma 201 ya fi shi, don ƙugiyarsa zagayawa take gaba ɗaya, ba ta zuwa ta dawo.

Alhaji Tela Fagge: A 201 mun haɗu. Amma Pfaff ba ya karyewa balle a nemi kayansa.

Baba Ɗanladi Mai Gyara: Akwai guda biyu a ƙarƙashin bencina, ka zo ka gaya musu haka.

Anti Bilki: Ku dattawa ku bar mu mu ƙaru. Baba, ya ake bambance 201 ɗin da 66? Maƙwabciyata tana da wani mai kwarkwaro ta sama, an ce mata 66 ne.

Baba Ɗanladi Mai Gyara: Dukansu abin ɗaure zaren yana fuskantar mai ɗinki, dukansu ta sama ake jefa kwarkwaro. Ta zare farantin ta juya wili da hannu a hankali tana kallon ƙugiyar. In tana zuwa tana komowa, 66 ne. In tana zagayawa ba tsayawa, 201 ne. In kuma ginin 66 ne amma gajere, 99 ke nan. Ta sa tef a gadon: babban ya haura inci 14, ƙaramin wajen inci 12. Kwarkwaronsu kuma ba irin na 15 ba ne, gefensa a ɗan lanƙwashe yake, kada ta cusa masa na Butterfly.

Bashir Injiniya: 66 ya fito a 1902, 99 a 1911. Wasu 66 na farko-farko takalminsu ta baya ake ɗaure shi, ba ta gefe ba, na kasuwa ba zai hau ba.

Maman Ummi: Jama'a albishirinku. Na samu ƙoshiyar a can ƙuryar durowa, an naɗe ta a ƙyallen atamfa tare da wasu allurai da alli. Mai ƙarfe 11 ce kamar yadda Baba ya ce. Na juya allurar, ya ɗauko zare. Yanzu sai wanki, don ya yi baƙi ƙirin da datti. Ƙanena ya ce a wanke da omo da soson ƙarfe, ko a kai a sake masa fenti gaba ɗaya.

Baba Ɗanladi Mai Gyara: Ki ɓoye keken daga ƙanen nan naki. Babu ruwa, babu omo, babu sipirit, babu fetur a jikin fentin. Zanen zinarin nan wani siririn shafe ne kawai ya rufe shi, da zarar abu mai ƙarfi ya taɓa sai zinarin ya koma fari, daga nan ya goge, kuma ba ya dawowa. Man keke za ki ɗiga a auduga ki dinga shafawa a hankali, wuri kaɗan-kaɗan, kina canja audugar in ta yi baƙi. Aikin haƙuri ne. Kananzir na ciki ne, inda tsohon mai ya daskare a sanduna, shi ma ki kiyaye kada ya kwarara kan zanen, ki bar shi ya bushe sannan ki bi kowane rami da man keke. Kada ki sa man gyaɗa ko baƙin mai. Man gyaɗa yau zai yi santsi, bayan 'yan watanni ya zama ƙaro ya riƙe komai.

Ƙafar ma tana son mai, wurin da mataki yake lilo da wurin da sandar take haɗuwa da babban wili. Bel kuma ki nemi na fata zagayayye, ki yanka daidai, ki huda ki haɗa da ƙugiyar waya. Kada ki ɗaure shi tamau, zai sa takawa ta yi nauyi.

Alhaji Tela Fagge: A nan kuma ban bi Baba ba. Keken aiki ne, in fentin ya mutu a sake. Mai kawo ɗinki ba zanen zinari yake kallo ba.

Anti Bilki: Alhaji ai nata bai mutu ba, datti ne. Kuma ka duba hoton gaban gadon, inda zanen ya goge daidai wurin da hannun hagu yake tura yadi. Ni ko kyauta aka ce za a fesa min ba zan yarda a rufe wannan ba. Kuma fentin da ake yi yanzu shekara biyu ya fara ɓarewa yana bin farin yadi.

Baba Ɗanladi Mai Gyara: Ƙari a kan haka, mai fenti zai cike lambar da kauri, gobe in an zo sayarwa a rasa abin karantawa, a ce irin na Nura ne.

Ado Baduku: Salamu alaikum. Ni ba tela ba ne, takalma da jakunkuna nake yi a wajen Ƙofar Wambai. Akwai wani da na gada a wurin mahaifina, ba shi da gado shimfiɗaɗɗe, wani dogon hannu ne siriri da ake zurawa cikin takalmin da za a ɗinka. Takalmin keken kuma ana juya shi duk inda ake so. Kwarkwaronsa ƙarami ne ƙwarai. Yana cikin lissafin nan?

Bashir Injiniya: Sosai ma. Wannan Singer 29 ne, in na Clydebank ne 29K, an yi shi ne musamman don masu faci da gyaran takalma. Ba shi da haƙori a ƙasa, takalmin ne da kansa yake jan fatar, shi ya sa kake iya ɗinki ta kowace fuska ba tare da ka juya kayan ba. Adler na Jamus ma sun yi mai kama da shi, don haka ka duba lambar da ɗan farantin samfurin kafin ka yanke hukunci. Sagiru, wannan kam kada ka taya, Malam Ado ya fi ka sanin kuɗinsa.

Sagiru Dillali: Ni na yi shiru ai, kun ɓata min kasuwa yau.

Malam Habu Soron Ɗinki: Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Namu ya bambanta da duk waɗanda aka lissafa. Na mahaifinmu ne, da shi ya yi ta ɗinka jamfa da wando a zaure. Kwarkwaronsa dogo ne siriri, ana zura shi cikin wata ƙoshiya mai tsini kamar harsashi, kuma faranti biyu ake zarewa, ɗaya gaba ɗaya baya. In ana takawa ƙoshiyar tana lilo ne gaba da baya. Shi ma yana da hoton Masar ɗin, amma ya kusa gogewa. Lambar ta fara da Y. Yara sun ce tunda ba a samun kwarkwaronsa a kasuwa a cire kan a ɗora sabo a teburin.

Baba Ɗanladi Mai Gyara: Malam Habu barka da warhaka. Wannan ya girmi na Maman Ummi. Dangin 27 da 127 ne, ko ƙananansu 28 da 128, tef zai raba maka kamar yadda na gaya wa Bilki. Tsakanin 27 da 127 kuma ka dubi abin naɗa zare a kwarkwaro. In yana ƙasa kusa da gado, tsohon ginin ne. In yana sama kusa da wili, 127 ne, kuma za ka ga ɗan maɓalli a wurin ƙoshiyar da ake dannawa ta ɗago kai.

Bashir Injiniya: Y kuma Clydebank ce, daga shekarun 1920 zuwa 1935. In Malam ya turo lambar duka zan duba masa shekarar a rajista. Sai a kula, faranti biyun nan gaba da baya suke. In aka ga keken da farantansa suke zarewa hagu da dama, ƙoshiyar tana tafiya a miƙe ta gicciye, wannan wani gidan ne daban, irin Singer 12 da ya fito a 1865 da waɗanda Jamusawa suka daɗe suna kwaikwayo, kuma allurarsa ba irin ta kasuwa ba ce.

Malam Habu Soron Ɗinki: Abin naɗin yana sama, maɓallin ma na gan shi. Gadon inci 14 da rabi. Kwarkwaro uku suka rage mana, ɗaya ya ɗan lanƙwashe. Allurar fa?

Baba Ɗanladi Mai Gyara: 127K ke nan. Allurarsa ita ce ta gida da kowa ke sayarwa, mai faɗi a gefe ɗaya, faɗin ya kalli dama. Kwarkwaro biyu masu lafiya sun ishe ka aiki, kuma har yanzu ana ƙera sababbi, masu odar kaya ta intanet suna kawowa, sai dai a gwada tsawonsu da na asalin don wasu ba sa zama daidai. Abin da zan so in gani shi ne tsinin ƙoshiyar, don in ya dakushe ko tsatsa ta ci shi, shi ke sa tsallaken ɗinki, da kuma 'yar fallen ƙarfen da ke bayanta mai riƙe zare. Kada ku wahalar da kanku da ɗauko keken. Ka ba yaro ƙoshiyar da kwarkwaron ukun ya kawo min ranar Asabar bayan azahar, har da lanƙwasasshen, wataƙila ya miƙu.

Alhaji Tela Fagge: In ya zo ka nuna masa Pfaff ɗin nan biyu, ni ma ina tafe in ga abin da ka yi musu.